Tanadi Domin Ranar Rabuwa: Rashin Bangaskiya Ne?

Kowane aure yana da ranar ƙarewarsa. Yawanci mutuwa ce ta ke raba shi. Wani lokaci kuwa, saboda taurin zuciyar 'yan adam, kisan aure ne. Ko ya dace mai bi ya shirya dukiyarsa domin wannan rana? Waɗansu 'yan'uwa suna cewa bai dace ba, gama Ubangiji ya hana mu alhinin gobe cikin Matta sura 6, wanda ya rubuta wasiyya kuwa wai yana kiran mutuwa ne da bakinsa.

Bari mu gwada mutum biyu. Yusufu ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na hatsin Masar har shekara 7, Allah kuwa ya ceci rayuka da yawa ta wurinsa. Mawadacin nan na Luka 12 shi ma ya yi niyyar tara hatsi cikin manyan rumbuna, amma Allah ya kira shi wawa. Aikin iri ɗaya ne, hukuncin ya bambanta, gama Yusufu ya tara domin waɗansu su rayu, mawadacin kuwa domin cikinsa kaɗai. Ashe ma'aunin tanadi shi ne: domin wa a ke yinsa?

Ku dubi gwauruwar nan da ta yi kuka ga Elisha cikin 2 Sarakuna 4. Mijinta mai tsoron Allah ne, duk da haka bashi ya bar mata, har mai bin bashin ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu su zama bayi. Allah ya cece ta ta wurin tulun mai, amma jinƙansa ba dalili ba ne da za mu bar matanmu cikin irin wannan hali. Ubangijinmu da kansa, yana bisa gicciye, ya danƙa uwatasa ga hannun almajirin da ya ke ƙauna. Wa zai ce bangaskiyarsa ta kasa?

Batun kisan aure ya fi nauyi. Nufin Allah tun farko shi ne miji da mata su zauna tare har mutuwa, aikin Ekklesiya na fari kuwa sulhu ne. Amma in sulhu ya ƙi, hakkin mai rauni bai mutu tare da auren ba. Dokar Nijeriya ta 1970 a kan auren rajista ta ba kotu iko ta sa a biya kuɗin ciyarwa, ta kuma raba dukiya bisa adalci. Akwai mutumin da, da ya ga rabuwa ta kusa, sai ya mai da takardar filinsa ga sunan ƙanensa, domin matar da ta yi noma tare da shi shekara 20 ta fita hannu wofi. Shi ma tanadi ya ke kiransa. Sata ce, ko da alƙali bai gane ba, gama Malachi sura 2 ya tuna mana cewa Allah ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, tun kuna da lafiya da zaman lumana, bari miji da mata su san abin da su ke da shi: bashin da ke kansu, takardun gona da gida, da kuɗin ajiya a banki. A rubuta wasiyya a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, kada kuwa a manta da 'ya'ya mata. Sa'an nan a bar gobe a hannun Allah da zuciya kwance.

Tambaya domin tattaunawa: In aka kira ka yau da dare, matarka ta san inda takardar gidanku ta ke? Dangi kuma za su bar ta a ciki?