Mace Mai Ba Da Dariya: Ina Addini Ya Ja Layi?

Mutanen Kaduna da suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 sun saba da muryoyi biyu daga gidan rediyo guda. Daga masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, Rediyon Kaduna kan ɗauko tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya baza shi lungu da saƙo na Arewa. Wannan gidan dai shi ke sako Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, yana karya Hausa irin ta barikin soja har mai shayi a Kawo ya mance da butarsa a kan wuta. Masu sauraron ɗaya ne, akwatin rediyon ma ɗaya. Da Kasimu Yero na "Karambana" ya rasu a 2017, sannan Samanja a watan Nuwamba na 2023, da sunan dattawan Arewa aka yi ta'aziyyarsu.

Mace kuwa lissafinta daban ne. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta shafe fiye da shekara 20 a finafinan Hausa tana fitowa a muguwar uwar miji ko fitinanniyar kishiya. Ta iya harara, ta iya murguɗa baki, ta jefo Turanci a tsakiyar masifa har wanda ya zo jin haushinta ya ɓuge da dariya. Ta rasu a Kano ranar 9 ga Afrilu, 2024, ranar ƙarshe ta azumi, bayan ta yi sahur ta koma barci, tana da shekara 56. Jama'a suka yi ta cewa ta dace da kyakkyawan ƙarshe. Sai dai a gidajen da aka sha dariyarta, iyaye nawa ne za su yarda 'yarsu ta gaji sana'arta?

Masu ƙyamar sana'ar suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai shara ƙarya don mutane su yi dariya. A kan irin wannan ne malamai kamar Bakr Abu Zaid na Saudiyya suka haramta wasan kwaikwayo ɗungurungum. Wasu, irin su Yusuf al-Ƙardawi, suka ce halal ne bisa sharuɗɗa. Dalilin masu sassauci ya fi kama hankali: ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, alhali mai kallon Daso ya san sarai ba ta da surukar da take gallaza wa. Malamin da ke buga misali da Zaidu ya bugi Amru a darasin nahawu, ai ba wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci.

Dariyar kanta ba ta da laifi. Suratun Najmi ta bayyana cewa Allah ne ke sa dariya, Shi ke sa kuka. Annabi (SAW) yakan yi raha, sai dai gaskiya yake faɗa a cikinta. Abin da ba a cika ji a wa'azi ba shi ne, a gidansa ma akwai mace mai barkwanci. Ibn Sa'ad ya kawo labarin Uwar Muminai Sauda 'yar Zam'a, wadda ta bi shi sallar dare, ruku'u ya yi tsawo, daga baya ta ce masa sai da ta riƙe hancinta don gudun haɓo. Ya yi dariya, kuma ruwayar ta ce takan ba shi dariya lokaci zuwa lokaci. Imam Gazali, da ya zo babin ɓarnar harshe a Ihya'u, yawaita wasa da mayar da shi ɗabi'a ya zarga.

Inda Alƙur'ani ya ja layi ƙarara shi ne izgili. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana mutane yi wa mutane ba'a, sannan ta sake ambaton mata daban, kada su yi wa 'yan'uwansu mata. Da wannan ma'auni za a auna finafinan barkwancinmu, da yawansu ba za su sha ba, kuma ba don mace ta fito a ciki ba. Ana dariyar mai i'ina, ana dariyar wada, ana dariyar baƙauye da wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Wasan taubasai da na kaka da jika ya fi wannan mutunci, domin a can wanda aka tsokana yana da bakin ramawa.

Saura batun cakuɗuwar maza da mata da yanayin sutura, wanda shi ne ainihin damuwar malamai da yawa. Magana ce mai nauyi, amma ta shafi yadda ake gudanar da aikin ne, kuma ana iya gyara shi kamar yadda ake gyara zaman kasuwa ko na asibiti. Ingila ma ta yi tata doguwar jayayya: sai a 1660 aka bar mata suka hau dandamalin wasa a Landan, aka daɗe ana yi musu kallon marasa kamun kai, kafin a kai zamanin da Patricia Routledge, mai ba da dariya a talabijin ɗin BBC, ta samu lambar girma ta Dame a 2017.

Akwai kuma tambayar fiƙihu da ba a cika yi ba, ta haƙƙin ma'aikaci. A 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda aka sani da Tambaya, ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake sallamarta da su a fim, wasu masu shirya finafinai suka musanta, aka yi ta cacar baki. Malaman da ke duba halaccin dariyar waɗannan mata ya kamata su duba halaccin ladan da ake ba su, domin tauye haƙƙin ɗan ƙwadago babu saɓanin malamai a kan haramcinsa.