Risala ko Ihya'u: wanne za a fara saya?

A rumfunan masu littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano, ba wuya a ga ɗalibi tsaye yana jujjuya littafi biyu, alhali kuɗin aljihunsa na ɗaya ne.

A hannun dama ga Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. 'Yar ƙarama ce, ta tattara aƙida da fiƙihun Malikiyya tun daga alwala har rabon gado. A zaurukan ƙasar Hausa sai ɗalibi ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin malam ya ɗora masa ita.

A hagu kuma ga Ihya'u Ulumiddin, wanda Imam Gazali ya rubuta bayan ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095. Littattafai 40 ne cikin kaso huɗu: ibadu, al'adu, masu halakarwa da masu tserarwa. A nan ake tono hassada da riya da girman kai. Littafin ya sha suka, har ƙona shi aka yi a Andalus zamanin Murabiɗun.

Tambayar tsohuwa ce: gyaran aiki ne a gaba ko gyaran zuciya? Malaman zaure sukan ce a fara da Risala, don wanda bai san ƙabli da ba'adi ba sallar azahar ba za ta jira shi ba. Gazali kansa da littafin ilimi ya buɗe Ihya'u, inda ya gabatar da farali ainihi.

Yawanci Risala ɗalibin yake ɗauka, sannan ya tambayi mai rumfa nawa ne juzu'in farko na Ihya'u.