Haƙƙin abokin ɗakin da ba kai ka zaɓe shi ba

 

Ya ƴan'uwa, a kowace shekara idan damana ta ja baya, gidaje da yawa a Ƙonni da Malbaza da Illela suna sallamar ƴaƴansu zuwa jami'a. Wasu su nufi Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni. Wasu Tawa, inda aka kafa jami'a a 2010. Wasu Sayi, Jami'ar Musulunci da ta fara karɓar ɗalibai a 1986. Wasu kuma su ƙetare iyaka zuwa Sakkwato, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba. A tasha, wasiyyar uba ɗaya ce: ka zaɓi abokin kirki. Wasiyya ce mai asali, domin Annabi (SAW) ya misalta abokin zama na gari da mai sayar da turare, mugu kuwa da mai zuga wutar maƙera, kuma Shaihu Zarnuji ya yi magana a kan zaɓen abokin karatu cikin Ta'alimul Muta'allimi da muka karanta a zaure.

Sai dai akwai abin da wasiyyar ba ta taɓo ba. Ɗalibi ba ya zaɓen abokin ɗakinsa. Takarda ce ake liƙawa, ya ga sunansa tare da na mutanen da bai taɓa gani ba, wannan Bazabarme, wancan Ba'abzine, wancan daga Difa. Da su zai kwana ya tashi tsawon zangon karatu, wata huɗu ko biyar, su ga ramarsa, su san ranar da aljihunsa ya bushe. To, mene ne haƙƙin wanda aka haɗa ka da shi ba da shawararka ba, alhali kun san rabuwa na tafe?

Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta jera waɗanda aka umurce mu da kyautata musu, kuma a cikinsu akwai abokin da ke gefenka. Imamu Ɗabari ya kawo fassarar magabata: wasu sun ce abokin tafiya ne, wasu sun ce matar aure, sannan ya rinjayar da cewa lafazin ya game su duka. Zamakshari ya ambaci abokin neman ilimi ƙarara. A lura, ayar ba ta shardanta ƙauna ba, ba ta shardanta zaɓi ba, ba ta kuma shardanta tsawon zama ba. Kusanci kawai ya wajabta haƙƙin. Mu da muka zauna ɗakunan ɗalibai mun ga haka da idonmu: idan bursi ta yi jinkiri, sai kowa ya zazzage abin da aka aiko masa daga gida, garin rogo, ƙuliƙuli, albasar Galmi, a kwaɗa a kwano guda. Ba mu san a lokacin ba, ko mun sani mun manta, cewa Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa a kan irin wannan, domin idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi a mayafi ɗaya su raba daidai.

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar, wani yaro na unguwarmu ne ya kawo mini shi bayan sallar isha'i, lokacin da ya zo hutun tsakiyar shekara. Ya ce: "Malam, abokin ɗakina ɗan wajen Badagishiri ne. Da na kwanta zazzaɓi shi ya kai ni likita, shi ya kwafe mini darussan mako biyu. Amma ya fara shan taramol, wai don ya jure karatun dare, yanzu ko aji ba ya zuwa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa kuwa yana kirana a waya, ya ce, ɗana, yaya ɗan'uwanka? Ni kuma in ce, Baba, lafiya lau yake. Shin ina cikin masu riƙon amana, ko ina cikin maƙaryata?"

Ban gaggauta ba shi amsa ba, domin hujjoji biyu ne suka yi karo, kuma kowace tana da ƙarfi. Ta farko ita ce sutura. Shari'a ta kwaɗaitar da rufa asirin Musulmi, kuma Imamu Gazali, cikin haƙƙoƙi takwas na ƴan'uwantaka da ya lissafa a Ihya'u, ya sanya kame harshe daga aibin aboki. Ɗaki wuri ne na amana. Da kowane ɗalibi zai zama ɗan rahoton iyayen ɗan'uwansa, da babu mai iya barci da ido biyu rufe. Akwai kuma iyayen da idan suka ji irin wannan labari, sai su yanke kuɗi su yanke magana, su ƙara tura yaron cikin ramin da ake son fitar da shi.

Hujja ta biyu ita ce, sutura an shar'anta ta ne don amfanin wanda aka suturta. Laifin da ya wuce, mai shi ya yi nadama, shi ne ake binnewa. Amma cutar da take ci gaba, kullum tana ƙara cin hankalin mai ita, rufe ta kamar rufe gyambo ne da tsumma mai kyau. Taramol maganin ciwo ne daga dangin ƙwayoyi masu kama jiki. Wanda ya saba da shi adadin jiya ba ya isarsa yau, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya. Imamu Nawawi, a Riyadus Salihina, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa yake halatta, ɗaya daga ciki shi ne neman taimakon wanda zai iya gusar da ɓarnar. Alkawarin yin shiru kuwa, idan cika shi zai kai mai shi ga halaka, ba ya ɗaure wanda ya ɗauka.

Ni dai abin da ya rinjaya a wurina shi ne, kuskuren yaron namu bai fara daga shirun da ya yi wa uban ba. Ya fara ne daga shirun da ya yi wa abokin. Da na tambaye shi ko ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa gaskiya ido da ido, sai ya sunkuyar da kai ya ce yana jin nauyi, saboda alherin da ya yi masa. Kunya ɗabi'a ce mai kyau, amma a nan ta zame masa maɓuya. Ya ga ya fi sauƙi ya yi wa dattijo ƙarya a waya, da ya jure ɓacin ran wanda suke cin kwano ɗaya. Kuma ina zaton, ko da bai furta ba, yana lissafin cewa zango ya kusa ƙarewa, kowa zai kama gabansa, nauyin ya sauka da kansa. Wannan lissafi shi ne babbar fitinar zaman wucin gadi, ba a jami'a kaɗai ba, har a ci-rani da zaman bariki.

Sai na ce masa: "Ka koma ka fara da shi, ku biyu, ba a gaban ƴan ɗaki ba. Ka gaya masa ka warware alkawarin nan, kuma daga yau ba za ka sake ce wa mahaifinsa lafiya lau ba. Ka ce za ka raka shi wurin likita, domin barin ƙwayar farat ɗaya ma yana da wahalarsa. Ka ba shi lokaci sananne ya faɗa wa gida da bakinsa. In ya ƙi, ka nemi wanda ya fi tausayi da hankali a danginsa, ko yaya ko kawu, ba lalle uban ba, ka faɗi gwargwadon buƙata, kada ka ƙara ko kalma."

Ya ce: "Malam, zai ƙi ni."

Na ce masa mai yiwuwa ne, kuma ban yi masa alkawarin akasin haka ba. Bayan ya koma da mako uku ya kira ni. Ya ce ya yi maganar, abokin ya kwashe kwana tara bai ce masa uffan ba, har ya raba kwanonsa. A rana ta goma ya tashe shi kafin asuba, ya ce ya ara masa waya zai kira yayansa da ke aiki a Malbaza.