Rigar Annabi Yusuf da maganar da aka binne a gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, yaranmu a yau suna raba dare a kan littattafai da finafinan da aka gina kan asirin gida: uba ya rasu, an taru zaman makoki, wa ba ya duban ƙane, sai wata tsohuwar magana ta fara leƙowa. Ba hana karatu muka zo yi ba. Tunatarwa ce cewa Suratu Yusuf, sura ta 12 mai ayoyi 111, ta riga kowane marubuci isa wannan wuri, kuma ita ba ƙage ba ce. Malamai da dama sun ambaci cewa ta sauka a Makka lokacin da Manzon Allah (SAW) yake cikin baƙin cikin rasuwar Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib.

Tushen fitinar abu ne da kowane Bahaushe ya san sunansa: ƴan ubanci. Yusuf da ƙanensa Binyaminu ɗakinsu ɗaya, sauran goma kuwa suna ganin uba ya fifita waɗannan biyu. Suka jefa yaro a rijiya, suka dawo da dare suna kuka, riƙe da riga mai jinin ƙarya, wai kyarkeci ya cinye shi. Masu tafsiri sun ce sun manta ba su yaga rigar ba, nan Annabi Yaƙubu (AS) ya gane. Ku duba wannan zama: mutum goma suna cin tuwo da mahaifinsu shekara da shekaru, suna kallon sa yana zubar da hawaye har idanunsa suka yi fari, kowannensu ya san inda aka kwana, ba wanda ya buɗe baki. Shi kuma tsohon bai kai ƙararsu ga kowa ba, kukansa ga Ubangijinsa ya kai shi. Wanda yake cewa waliyyi ba ya baƙin ciki, ya sake karanta wannan wuri. Annabi ne ɗan Annabi, kuma kuka ya taɓa masa gani. Haƙuri kyakkyawa bai hana ido zubar da ruwa ba, harshe ya tsare daga faɗin abin da Allah ba ya so.

Wurin da ya fi girgiza ni a ƙissar yana can Masar. An sami ma'aunin sarki a cikin kayan Binyaminu, sai yayyen suka ce ai ba mamaki, wani ɗan uwansa ma ya taɓa sata. A gaban Yusuf suke faɗin haka, ba su san shi ba ne. Bayan duk shekarun nan, wanda suka zalunta shi suke ƙara shafa wa baƙi. Haka ɓoyayyen laifi yake yi wa zuciya: mai shi ba ya samun barci sai ya mai da wanda ya cuta mugu a idon kansa. Shi ya sa za ka ga wanda ya danne gonar marayu ya fi kowa zagin su a gari.

Sai ku lura da yadda sulhun ya zo, don a nan muke yawan kuskure. Mu da an ce sulhu, sai dattijo ya ce "a bar maganar, a yafi juna", a shafa fatiha a watse, takardar filin tana nan ƙarƙashin katifar wanda ya ɓoye ta. Annabi Yusuf (AS) bai yi haka ba. Sai da ya tambaye su ko sun san abin da suka yi masa da ɗan uwansa. Sai da suka amsa da bakinsu cewa sun yi laifi. Sannan ya ɗauke musu zargi, ya roƙa musu gafara, ya ba da rigarsa a kai wa mahaifinsu. Riga ce ta kawo ƙaryar da ta jefa tsohon cikin baƙin ciki, riga ce kuma ta dawo masa da gani. Daga baya, da yake lissafa ni'imomin Allah a gaban iyayensa, ya ambaci fitowarsa daga kurkuku, bai ambaci rijiya ba, don kada ya kunyata waɗanda ya riga ya yafe wa. Irin wannan afuwar Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ƙuraishawa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira.

To, ya kai muridi, kana jan istigfari 100 safe da yamma a lazimi. Malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe. Ya inganta a hadisi cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a jinkirta wa mutum biyu masu gaba har sai sun shirya, kuma ƙaurace wa ɗan uwa bai halatta ya wuce kwana uku ba. Barin yanke zumunci yana cikin sharuɗɗan da muƙaddami ya karanta maka ranar da ka karɓi wuridi. Wani yana zaune a gefen farin ƙyalle kullum a zawiya, alhali rabon da ya gaisa da ƴar uwarsa tun ranar rabon gado.

Ba kowane asiri ake tonawa ba. Zunubin da mamaci ya yi tsakaninsa da Allah, a rufa masa, a yi masa addu'a. Amma wanda haƙƙin wani rayayye yake rataye da shi, bashi ne, ko wasiyya, ko rabon ɗiya mace da aka cinye, wannan sai an fito da shi a gaban malami da shaidu. Idan kunya ta hana ka zuwa kai kaɗai, ka nemi muƙaddaminka ko wani dattijon dangi ya raka ka tun kafin Alhamis mai zuwa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya daidaita tsakaninmu, albarkar Annabi (SAW). Amin.