WA ZAI TSAYA WA YARON?

Karatu: Farawa 44:1-34

A cikin karatunmu na wannan wata mun iske yaro a gaban mai hukunci. An sami ƙoƙon azurfa na Yusufu a buhun Banyamin, autan Yakubu, aka komo da shi cikin birni ana tuhumarsa da sata. Mai mulkin Masar ya yanke magana: yaron zai zama bawa, sauran su koma gida lafiya. Hanya a buɗe ta ke. Da sun ɗora wa jakunansu kaya sun tafi, ba mai tsai da su. Amma Yahuda ya matso kusa.

1. Abin da Yahuda ya yi

Ku lura, Yahuda bai yi musun an ga ƙoƙon ba, bai kuwa nemi sayen shari'a ba. Abu uku ya yi. Ya ba mai hukunci labarin gidan da yaron ya fito, da tsohon ubansa wanda ransa ke ɗaure da ran yaron. Ya faɗi cewa shi ne ya ɗauki lamunin yaron a wurin ubansu. Sa'an nan ya roƙa a riƙe shi bawa a maimakon ƙanensa.

Wane ne wannan Yahuda? Shi ne wanda a dā ya kawo shawara a sayar da Yusufu (Farawa 37). Mutumin da ya taɓa sayar da ƙane, yau ga shi yana ba da kansa domin ƙane. Kada kowa ya ce, "Ni ban isa in tsaya wa yaro ba." Wanda Allah ya gafarta masa, shi ya fi dacewa da aikin.

2. Mafarin kotun yara

A 1841, a birnin Boston na Amurka, wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya ga an kawo wani mashayi kotu. Ya roƙi alƙali a ba shi mutumin na mako 3. Da ya komo da shi, alƙali ya ga ya sāke, bai ɗaure shi ba. Kafin Augustus ya rasu a 1859 ya ɗauki lamunin mutum wajen 2,000, har da yara. A Ingila kuma, a 1876, wani ma'aikacin ɗab'i, Frederic Rainer, ya aika da sule 5 ga wata ƙungiyar ekklesiyar Ingila domin a sa mutane a kotunan Landan su riƙa karɓar masu laifi. A 1907 gwamnatinsu ta mai da aikin nan doka. Kotun yara ta fari kuwa an buɗe ta a Shikago a 1899.

A ƙasarmu an yi dokar yara da matasa a Ikko a 1943, ta iso Arewa a 1958. A 2003 gwamnatin tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Ta kafa kotun iyali, ta hana a tona sunan yaro a bainar jama'a, ta ce tsare yaro shi ne abu na ƙarshe, bayan an rasa wata hanya. Jihar Kebbi ma ta yi tata dokar kāre yara a 2022.

Doka mai kyau ce, amma doka ba ta da hannu. Kafin alƙali ya saki yaro sai ya san amsar tambaya biyu: Ƙaƙa gidansu ya ke? Wa zai riƙe shi? Su ne tambayoyin da Yahuda ya amsa. In ba mai amsawa, sai a ajiye yaron a tsare. In kuwa saurayi ne, watakila a kai shi gidan horo irin na Kakuri a Kaduna, nesa da uwa da uba da harshen garinsu.

3. Yaranmu a ƙasar Zuru

A al'adar Lelna saurayi ba ya girma shi kaɗai. Yana shiga golmo tare da tsaransa, yana noma a gonar surukinsa shekara da shekaru, idon dattawa yana kansa. In ya kauce, akwai mai kiransa da suna. Amma a 2021 da 2022 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Danko-Wasagu da Sakaba, iyalai suka gudo cikin Zuru ba gona, ba rumbu. Waɗansu yara sun rasa uba. Waɗansu suna da uba, amma uban ba shi da abin ba su.

Mu ɗauka ga yaro ɗan shekara 13 daga irin wannan gida. Yana dako a kasuwa, yana kwana a tashar mota. Ran nan yunwa ta kai shi ga akwatin kuɗin wani mai shago, aka yi ihu, aka kama shi. Uwarsa tana zama a benci na uku a majami'armu. Me mu kan yi? Mu kan ce, "Ai dama mun faɗa." Mu kan hana 'ya'yanmu zuwa gidansu. Ran shari'a kuwa ita kaɗai za ta tsaya a ƙofar kotu, ba ta jin Turanci, ba ta san abin da za ta roƙa ba. Mu kuma mun ɗora wa jakunanmu kaya mun tafi gida lafiya.

4. Abin da ekklesiya za ta yi

Da fari, kada hannun mai bi ya shiga dūkan yaron da aka yi wa ihun ɓarawo. A miƙa shi ga hukuma da ransa.

Na biyu, pasto ko dattijo ya bi iyaye zuwa ofishin 'yan sanda tun ran fari. A tafi da takardar haihuwa ko ta makaranta, gama yaron da ba shi da shaidar shekarunsa a kan lissafa shi cikin manya.

Na uku, a nemi ma'aikacin jin daɗin jama'a, a gaya masa gaskiyar halin gidan, mai daɗi da marar daɗi. Labarin nan ne ke taimakon alƙali.

Na huɗu, a je wurin wanda aka yi wa ɓarna. Shi ma maƙwabcinmu ne, ko Kirista ne ko Musulmi ko mai bin al'ada. A ba shi haƙuri, a biya abin da ya ɓace, yaron kuma ya ɗauki rabonsa na biyan da guminsa. Ƙauna ba ta ɓoye ƙoƙo a buhu.

Na biyar, kuma shi ne mai wuya: wani ya ce wa alƙali, "Ni zan riƙe shi." Kafinta ko tela ko manomi ya ɗauke shi koyon aiki. Zumuntar mata ta kai wa uwar hatsi. Malamin makarantar Lahadi ya neme shi ran da bai zo ba. Kada ma mu jira ranar kotu. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ka san gidan da ba a hura wuta jiya ba? Daga can za ka fara.

5. Babban Mai Lamuni

Watakila wani zai ce, "In na tsaya masa ya sāke yi fa?" Gaskiya ne, ya yiwu ya ba ka kunya. Lamuni ba ya rasa hasara. Amma ka tuna, daga kabilar Yahuda Ubangijinmu Yesu ya fito. Banyamin bai ɗauki ƙoƙon ba. Mu kuwa an kama mu da namu laifin dumu-dumu. Yahuda ya yi tayin kansa, ba a karɓa ba. Yesu ya ba da kansa, aka karɓa, har bisa gicciye. Karanta Ibraniyawa 7:22-25.

Ya mai karatu, akwai yaro a unguwarku wanda ba shi da Yahuda. Ka san sunansa. Wa zai tsaya masa?

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, ka dubi yaran ƙasar Zuru waɗanda su ke a tsare, da waɗanda su ke kwana a waje. Ka ba alƙalai hikima, ka ba iyaye ƙarfin zuciya. Ka gafarta mana saurin juya baya, ka sa mu matso kusa. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.