Shin Wanda Bai Yi Suna Ba Ya Yi Asara?

Tambayar da nake son ajiyewa gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu daga gidanmu na Gummi na ɗauko ta. Ina da wa wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a wasan tamaula. Ya faro daga filin makarantar firamare, ya yi ta karawa da samarin Bukkuyum da na Anka, har wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi mai tsaron gida. Bai taɓa hawa babban rukuni ba, jarida ba ta taɓa buga hotonsa ba. Da gwiwa ta ci amanarsa sai ya komo gida, yanzu hatsi yake aunawa a kasuwa. Mutanen unguwa in ya wuce sukan ce, "Allah sarki, ya ɓata lokacinsa." To, shin gaskiya suka faɗa?

Da farko dai mu sani irinsa ne suka fi yawa, ko a Ingila da muke kwana kallon wasanninta. Ƙungiyoyi 92 ne a manyan rukunoni huɗu na can, amma 20 kaɗai ke rukunin farko. Ɗan wasan rukuni na huɗu sau da yawa kwantiragin shekara ɗaya ko biyu yake samu, kafin ya cika arba'in kuwa ya rataye takalmi ya nemi wata sana'a. Akan ba mu labarin Jamie Vardy, wanda ya yi aikin masana'anta yana bugawa ƙananan ƙungiyoyi, Leicester ta saye shi a kan fam miliyan ɗaya a 2012, ya ci kofin Ingila a 2016. Akan kuma kawo Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, wanda ya tarad da shi can a shekarar. Amma mu mutanen ƙasar Anka da Bukkuyum mun san ramin zinariya: dubu ke haƙa, ɗaya ke dacewa, labarin ɗayan nan kuwa shi ke janyo wasu dubun.

Saboda haka masu cewa asara ce suna da hujja, ba kuwa zan raina ta ba. Ƙarfin jiki aro ne. Wanda ya bar karatu da sana'a ya dogara ga ƙafarsa, ranar da ƙafar ta gaza ba fansho, ba jari. Wana ya sha yin wata uku ba albashi, ya kuma sha kwana a mota a kan hanyar zuwa wasa.

Sai dai ina ganin akwai kuskure a ma'aunin. Mu ɗauki dambe, wanda muka gada. Kowa ya san Shago, domin Ɗan Anace ya waƙe shi. Amma da wa Shago ya yi ta dambe a fagagen ƙauyuka kafin duniya ta san shi? Yawancinsu ba mai tuna su, alhali kuwa ba don su ba da babu Shago, domin mutum ba ya naushin iska a kira shi gwani. Haka ƙananan 'yan wasa suke: su ne tushen da reshe ke tsaye a kai, ko da yake ido reshe yake kallo.

Bugu da ƙari, in dai sakamako ne ma'auni, to ga abin da za mu yaba. A watan Yuli na 2013 ƙungiyoyi biyu sun yi kunnen doki wajen neman hawa rukuni na gaba, aka ce yawan ƙwallaye zai raba gardama. Sai Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Bubayaro 67 da nema. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada. Sun zuba ƙwallayen da ba a saba ji ba, amma wa zai so a kira sunan ɗansa a cikinsu?

Wannan ya sa wata rana na tambayi wana, "Yaya, ba ka nadama?" Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, an taɓa kawo mini kuɗi da dare a ce in saki raga, alhali ko na sabulu ba ni da shi. Na mayar musu. Washegari aka ci mu ɗaya, amma da ƙarfinsu suka ci. Yau in na auna wa mutum tiya, ba ya sake aunawa."

A nan na gane asara iri biyu ce, watau ta dukiya da ta mutunci. Ta farko ta same shi, kuma alhakinta na wuyan masu riƙe haƙƙin 'yan wasa, da mu da muke zuga yara su bar allo da sana'a don mafarkin Turai. Ta biyu kuwa ya tsira daga gare ta, ita ce kuma wadda ba ta da magani.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, maganar ta shafe mu. Kaɗan ne cikinmu za su zama shaihunan malamai. Sauranmu ƙananan rukunoni za mu buga, a azuzuwan ƙauye da ofisoshin ƙananan hukumomi. Can ma za a zo mana da dare a ce mu saki raga. Allah ya ba mu ikon mayar musu da kuɗinsu, amin.