Gawo, Jini da Tambayar Sababi

A gonakin Zango, Baure da Mai'aduwa, cikin masarautar Daura, akwai bishiyar da ta saɓa wa 'yan'uwanta. Damina na sauka, ko'ina ya yi kore shar, sai gawo ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fayau. Rani na shigowa kuma sai ya cika da ganye, ya riƙa zubo wa awaki 'ya'ya. Manoma sun shaida geron da ke gindinsa ya fi cika zangarniya.

Tambayi dattijo dalili, zai ce ikon Allah. Ɗansa mai karatun kimiyya kuwa zai ce saiwar gawo tana nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyin bakteriya da ke jikinta suna kamo naitirojin daga iska, ganyen da ya zube ya zama taki, kuma babu inuwar da za ta tare wa gero rana. Shin amsar ɗan ta rushe ta uban?

Malaman tauhidi sun daɗe da warware wannan. A koyarwar Ash'ariyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, wuta sababin ƙuna ce, abinci sababin ƙoshi, amma Allah ne ke halittar tasirin. Ke nan ɗalibin yana bayanin yadda Allah ya saba gudanar da abin ne.

Bayanin ma ƙara mamaki yake yi. Ganye na zuƙar iskar kabon ta 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukari, sannan ya saki oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Daga huhu jini ke ɗaukarta. Sinadarin da ke sa ganye kore da wanda ke sa jini ja, ƙirarsu ta yi kama: a tsakiyar na ganye akwai maganiziyom, a na jini ƙarfe.

Sanin sababi kuma nauyi ne, domin wanda ya san aikin bishiya ba shi da uzurin jahilci ranar da ya ɗaga mata gatari. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon kututture idan suna sharar gona, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa hakan ya farfaɗo da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a jihar Damagaram, maƙwabciyar Daura, gawo ne kan gaba a cikinsu.